Kallon Indiya da Koriya a Zangon Kumasi: amsa ga ɗan'uwa na Kano

Ɗan'uwa, ka ce ka ji matanmu na Zango da yaren Twi suke kallon wasannin soyayyar Indiya, har kana tambayar me ya rage mana na Hausa. Rabin farko gaskiya ne. Tun 2015 tashar Adom TV ta nan Ghana ta fara sa wasan Indiya mai suna Kumkum Bhagya da muryoyin Twi, yaren Asantawa, kuma duk mai kwanon Multi TV yana kama ta ba tare da kuɗin wata ba. Ku kuna da Arewa24 da masu fassarar Kano, mu kuwa abin da ke shigowa kyauta shi ake kunnawa. Amma ka shiga gidan haya a unguwar Aboabo ko Asawase lokacin da ake nunawa. Akwatin yana Twi, tsakar gida tana Hausa. Tsinuwar da ake ja wa muguwar cikin wasa, da addu'ar da ake yi wa baiwar Allah da ake zalunta, duk da Hausa suke fita.

Ba kuma kallon baki buɗe ake yi ba, akwai ma'auni. Na Indiya kowane kashi bai wuce minti ashirin da ɗoriya ba, a ciki ma akwai maimaicin na jiya, da kiɗan razana, da kyamara tana bin fuskar kowa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka abin da aka fara dubawa shi ne ko labari yana tafiya. In aka yi mako guda ana ɗaurin aure ɗaya, an fara jan rai. In jarumi ya yi hatsari ya manta matarsa, ko wanda aka binne ya dawo da sabuwar fuska, ko aka tsallake shekara ashirin aka koma kan 'ya'ya, masu kallo sun san marubuci ya ƙare, tasha ce kawai ba ta son saki. Kumkum Bhagya ya haura kashi dubu biyu, kuma da yawa a wajen tsallaken nan suka ajiye shi. Sai fassara: mai kyau tana tsayawa inda leɓe ya tsaya, marar kyau mai murya yana ta cusa barkwancinsa alhali jaruma tana kuka.

Wajen kishiya ake doguwar muhawara. Dokar auren Hindu ta 1955 ta hana mace ta biyu, shi ya sa wadda ke son mijin wata ba ta da hanya sai makirci. Iyayenmu mata kan ce ai da mijin ya haɗa su ya yi adalci da an huta, 'yammata su ce ba su yarda ba. Na tabbata haka ake yi a Fagge. In aka zo wurin bautar gumaka kuwa, ana rage murya ko a sauya tasha har a wuce, kuma kiran salla yana tayar da kowa.

Na Koriya harkar matasa ce, a waya, da rubutun Turanci a ƙasa. Yawanci kashi 16 ne, kowane kusan awa guda, kuma labari yana ƙarewa. In an sauke a 480p, wato hoto mai matsakaicin kyau, kashi ɗaya kan ci megabayit 200 zuwa 300, wato a tanadi wajen gigabayit biyar a katin waya. Matsalar da aka fi samu ita ce rubutu ya riga magana ko ya makara, ana daidaita shi a manhajar kallo irin VLC ko MX Player. In fassarar inji ce, ba ta gyaruwa, a nemi wata. Ana yaba musu kunya da girmama manya, amma shan giya ya yi yawa, kuma wajen tsakiyar labari ake sumba, don haka ba a haɗa shi da babban akwati gaban iyaye.

Yanzu maganar da na san ita ce a ranka: auren 'yan ƙasa, wato mutanen nan Ghana. Wasan da dangi ke hana aure saboda asali yana taɓa mu fiye da yadda yake taɓa ku, domin a gidajenmu ake yinsa. Yawancin auren Zango tsakanin Musulmi ne, Bahaushe da Badagomba, Mosi, Wangara, Kotokoli, Zabarmawa. Auren Asantawa ma yana faruwa, kuma wuyarsa a gado take. Su ta wajen uwa suke lissafin dangi, mu ta wajen uba. Ɗan Bahaushe da 'yar Asante kowane ɓangare yana cewa nasa ne, ranar suna da ranar rabon gado ake gane haka. Shi ya sa in uwar miji a wasa ta ce yarinya ba jininsu ba ce, mai kallo a nan ba ta tambayar ko jarumi kyakkyawa ne. Tambayarta ita ce: ya tsaya wa matarsa a gaban danginsa ba tare da ya wulaƙanta uwarsa ba? Wanda ya kasa wannan, ko ya yi kuka kashi ɗari, ya faɗi.

Abin da ke mana ciwo shi ne a ji Hausarmu ba ta cika raba namiji da mace ba, sai a yanke mana hukunci daga nesa. Kakanninmu fataken goro ne da suka biyo ta garin Salaga na arewacin Ghana, kuma yau a Zango Hausa ce ke haɗa Mosi da Wangara a kasuwa da wajen wa'azi. Ita ce kuma ake yanke wa Abhi da Pragya, jaruman Kumkum Bhagya, shari'a da ita washegari a wajen mai koko.