Kada ka sa hannu a takardar ED idan zuciyarka tana makarantar soja

Assalamu alaikum, ɗanmu. Saƙonka ya iso. Ka ce kana ajin ƙarshe na sakandare a nan Amurka, ka buɗe fayil a makarantar sojan ƙasa ta West Point da makarantar sojan ruwa ta Annapolis, ga kuma wata jami'a mai zaman kanta da malamanka suka ce za ka fi saurin samun gurbi a cikinta in ka nema ta shirin gaggawa mai ɗaure ɗalibi, wanda ake taƙaita sunansa da ED. Baba ya ce ka cika duka, wadda ta fara amsawa ita ce rabonka. Kana tambaya ko hakan zai yiwu.

Cikawar za ta yiwu, babu mai riƙe maka hannu. Amma in aikin soja ne zaɓinka na farko, shawararmu ita ce kada ka taɓa ED. Maganar Baba daidai take a kusan duk sauran hanyoyin neman gurbi, ban da wannan, domin ED alkawari ne a rubuce. Kai za ka sa hannu, mahaifi ko mahaifiya su sa, mai ba ɗalibai shawara a makarantarku shi ma ya sa, cewa in jami'ar ta ɗauke ka can za ka tafi, kuma za ka janye takardun da ka aika wasu wurare ba tare da jinkiri ba. Yawanci ana rufe karɓa ranar 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa ta fito wajen tsakiyar Disamba, a ba ka 'yan makonni ka biya kuɗin kama gurbi. Fayilolinka na makarantun soja suna cikin abin da za ka janye, sai fa in jami'ar da kanta ta keɓe su.

To, dubi yadda lokacin ɗaya ɓangaren yake tafiya. Makarantun hafsoshi na tarayya 5 ne: West Point ta sojan ƙasa a jihar New York, Annapolis ta sojan ruwa a Maryland, ta sojan sama a Colorado Springs, ta masu tsaron gaɓar teku a New London, da ta jiragen ruwan kasuwanci a Kings Point. In ka cire ta New London, duk sauran ba sa ɗaukar ɗalibi sai an tsayar da shi, kuma ga mafi yawan yara mai tsayarwar shi ne ɗan majalisar wakilai na mazaɓarsu ko ɗaya daga cikin sanatocin jiharsu 2. Ka nemi dukansu ukun, ka ƙara da ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa. Kowane ofishi da ranar rufewarsa, galibi tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Nuwamba. Sai kwamitin ɗan majalisar ya kira ka ganawa a Nuwamba ko Disamba, kuma suna da har 31 ga Janairu kafin su miƙa sunaye. Kowane ɗan majalisa kujeru 5 kacal gare shi a West Point a lokaci guda, haka a Annapolis, haka a ta sojan sama, wato in an raba a kan shekaru 4 na karatu, yawanci gurbi ɗaya ke buɗewa a shekara, ana kuma tsayar da yara da dama su fafata a kansa. Saboda haka tsayarwa ba ɗauka ba ce. Takardun ɗauka suna fitowa ne kaɗan-kaɗan, mafi yawa daga Janairu zuwa tsakiyar Afrilu.

Ka ga inda matsalar take. A ranar da jami'ar ED za ta ce ta ɗauke ka, ka janye komai, mai yiwuwa ba ka ma ji ko sanata ya tsayar da kai ba. Za ka rufe ƙofar soja kafin ka san ko za ta buɗe. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wasu yara ƙalilan suna samun wata takarda tun da kaka, ana ce mata LOA, wadda makarantar ke cewa ta ajiye maka kujera muddin ka cika sauran sharuɗɗa. Abin farin ciki ne, amma ka karanta sharuɗɗan da kyau: tsayarwa, gwajin ƙarfin jiki, da amincewar likita. Ɗaya ya faɗi, takardar ta faɗi.

Gwajin ƙarfin, CFA, abu 6 ne a jere, da ɗan hutu ƙididdigagge a tsakaninsu: jifan ƙwallon kwando daga durƙushe, jan jiki sama a sandar ƙarfe, gudun je-ka-dawo, tashi zaune daga kwance na minti 2, ɗaga jiki da hannu daga ƙasa na minti 2, sannan gudun mil ɗaya a ƙarshe, lokacin da hannu da ciki sun riga sun mutu. Yara da yawa suna gwada kowanne shi kaɗai su ga sun iya, ranar gwaji kuma gudun ya kayar da su. Ka riƙa yin su a jere da agogo a hannun wani. Wannan dai a hannunka yake.

Wanda ba a hannunka yake ba shi ne binciken lafiya, kuma a nan muke so ka tsaya sosai, don shi ne ya fi ɓata wa mutane lissafi. Hukumar da ke yin sa sunanta DoDMERB. Ba kai ke kiran ta ba, makarantar ce ke tura sunanka bayan ka cika wani kaso na fayil, sai a haɗa ka da likita da kuma mai duba ido. Kafin nan za ka cika doguwar takardar tarihin lafiya, layi bayan layi: ka taɓa suma, ka taɓa karaya, an taɓa rubuta maka abin shaƙa na asma? Tarihin asma bayan cika shekara 13 yana hana shiga. Haka ciwon fata mai dawowa, da rashin jituwa mai tsanani da wani abinci kamar gyaɗa, da shan wasu magungunan natsuwa a kusa-kusa. Rashin bambance ja da kore babbar matsala ce a makarantun ruwa. Ga wanda ya shafe mu kai tsaye: cutar sikila, wato mai jinin SS, tana hana shiga, amma mai AS ba a hana shi saboda hakan kaɗai. In ba ka san ko jininka AA ne, AS ko SS ba, je ka gwada tun yanzu.

Duk "e" da ka rubuta a takardar nan tana iya jawo buƙatar ƙarin bayani daga asibitin da ya duba ka. In an taɓa yi maka aiki ko an kwantar da kai a gida kafin ku taso, a Kano ne ko a Damagaram, ka sa wani ɗan uwa ya fara neman takardun yau, domin samo katin asibiti na shekara 8 da suka wuce ba aikin mako guda ba ne. Kuma kada wani ya ba ka shawarar ɓoyewa. Ana iya ganin tarihin magungunan da aka rubuta maka a nan, kuma wanda aka kama ya ɓoye ya fi wanda ya faɗa shiga uku. In DoDMERB ta ce ba ka cancanta ba, magana ba ta ƙare ba: kowace makaranta tana iya yi maka sassauci, amma ita ke yanke shawarar ko za ta duba batunka, kuma tana yi ne ga wanda take ganin za ta ɗauka. Wannan kan kai Afrilu, wani lokaci har Mayu. Bincike ɗaya ne ke yi wa duk makarantun aiki, amma sassaucin kowa nasa ne, don haka West Point na iya yafe abin da Annapolis ta ƙi.

Mun san abin da wasu za su raɗa maka: ai ED ba kwangilar kotu ba ce, ka karɓa ka yi shiru, in soja sun kira ka a Maris sai ka sulale. Gaskiya ne ba a kai yaro kotu a kan wannan. Amma mai ba ku shawara ya sa hannunsa, kuma shi ne zai ci gaba da aika sakamakonka na tsakiyar shekara, yana iya ƙin aikawa. Jami'ar na iya janye gurbin in ta gano. Ƙannenka da ke bayanka a wannan sakandaren su ma abin yana iya shafar su. Sannan kwamitin ɗan majalisa, wanda galibi akwai tsofaffin hafsoshi a ciki, kan tambayi yaro ina da ina ya nema, kuma wacce ce ta farko a ransa. Me za ka ce musu? Dokar mutunci ta West Point cewa ta yi ɗalibi ba ya ƙarya, ba ya maguɗi, ba ya sata, ba ya kuma kawar da kai ga mai yi. Bai dace ka shiga gidan da wannan ce dokarsa ta hanyar saɓa alkawarin da mahaifinka ya sa wa hannu ba. Hanyar fita daga ED da kowa ya amince da ita ɗaya ce, wato tallafin kuɗin da aka ba ka bai isa ba, kuma wannan ma sai in da gaske ne.

Akwai hanya mai tsabta in ka nace sai ED. Wasu jami'o'in suna yarda su saki ɗalibi in ya samu takardar ɗauka daga makarantar soja, wasu ba sa yarda. Ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai imel kafin 1 ga Nuwamba, ka sa mai ba ku shawara a kwafi, ka yi tambaya biyu a fili: in kun ɗauke ni a Disamba, zan iya barin fayilolina na makarantun soja da na 'yan majalisa a buɗe? In aka ɗauke ni can a Afrilu, za ku sake ni? Amsar waya ba ta wadatar, wanda ya ce maka "ba komai" yana iya barin aikin kafin bazara. Sai an rubuto, kuma an amsa duka biyun da e.

In ba a rubuto ba, ba ka yi asarar komai mai yawa ba. Shirin EA yana ba ka amsa da wuri, tsakanin Disamba da Janairu, ba tare da ɗauri ba, kana da har 1 ga Mayu ka yanke shawara, kuma ranar ta zo daidai da lokacin da makarantun soja ke jiran amsarka. Manyan jami'o'in jihohi da yawa suna da shi. Hatta Harvard da Princeton da Stanford, waɗanda shirinsu na wuri ya hana ka neman wata jami'a mai zaman kanta da wuri, sun bar ƙofar makarantun soja a buɗe, kuma ba sa ɗaure ka. Makarantar New London ma tana da nata shirin na wuri marar ɗauri, ana rufe shi a tsakiyar Oktoba. Game da cewa ED ta fi sauƙin shiga, akwai gaskiya a ciki, amma alƙaluman sun kumbura da 'yan wasan da kociyoyi suka riga suka zaɓa da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, don haka ribar ɗalibi irinka ba ta kai yadda ake gani a takarda ba.

In kuwa ka zauna ka auna ka ga jami'ar ce a ranka, soja kuma saboda karatun kyauta ne, to ka faɗa wa kanka gaskiya tun yanzu. Ba a biyan kuɗin makaranta, ana ma ba ɗalibi albashi sama da dala 1,000 a wata kafin a cire kuɗin kaki da littattafai, amma bayan kammalawa akwai aƙalla shekara 5 na cikakken aiki da 3 na jiran kira, matuƙan jirgi kuma nasu ya fi haka tsawo. Inda aka tura ka nan za ka je. Ana iya fita ba bashi kafin a fara darasin shekara ta 3, daga nan sai biya ko aiki a matsayin ƙaramin soja. Wannan magana ce da za ku zauna da Baba da Umma a kanta, ba ta kuɗi kaɗai ba. Wanda jami'a ce zaɓinsa kuma yana son kaki, ROTC ce hanyarsa: karatu a jami'ar farar hula, horo a gefe, a fito hafsa. Sai dai ita ma tana karo da ED. Tallafin karatu na ROTC ɗin sojan ruwa ana liƙa shi ne ga takamaimiyar jami'a daga cikin 5 da ka lissafa, na sojan ƙasa kuma kwamitocinsa suna zama a Oktoba da Janairu da Maris. Kana iya ɗaure kanka ga jami'ar da kuɗinta ya haura dala 80,000 a shekara kafin ka san ko tallafin zai zo, ko zai zo nan ɗin. Ka sa jami'ar ED a farkon jerin jami'o'i 5 ɗin nan, ka kuma shigar da kuɗin shigar gidanku a ma'aunin farashi da ke shafin jami'ar, ku ga ko za ku iya ko da tallafin soja bai zo ba.

Ba ka faɗa mana matsayin takardunka ba. Dole ka zama ɗan ƙasa, katin zaman dindindin bai isa ba. In Baba ko Umma sun karɓi zama ɗan ƙasa kana ƙasa da shekara 18, kana da katin, kana kuma zaune a hannunsu, doka ta riga ta mai da kai ɗan ƙasa, amma sai ka nuna shaida, fasfon Amurka ya fi saurin fitowa a kan takardar shaidar zama ɗan ƙasa da ake nema da fom N-600. Shekarunka su kai 17, kada su kai 23 ranar 1 ga Yuli na shekarar shiga, ba aure, ba wanda doka ta ɗora maka ciyarwarsa. Fasfo biyu da 'yan uwa a ƙasashen waje za su taso a binciken tsaro, ka fara tattara ranakun tafiye-tafiyenka gida. Masu karanta wannan daga Najeriya ko Nijar, ƙofarku daban ce: kowace daga manyan makarantun uku, wato West Point, Annapolis da ta sojan sama, tana ɗaukar baƙi da ba su wuce 60 ba a lokaci guda, gwamnatin ƙasarsu ce ke tsayar da su ta ofishin jakadancin Amurka, kuma sojan ƙasarsu suke komawa yi wa aiki.

Ko ka samu takardar ɗauka a Afrilu, ka yi tunanin riƙe gurbi a jami'ar farar hula. Ana shiga makarantun soja a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, kuma karaya a filin ƙwallo a watan Mayu ta isa ta sa a mayar da kai gida. Ka gaya wa jami'ar halin da kake ciki, ka tambaye su ko sun yarda ka biya kuɗin kama gurbi a haka, da sanin cewa kuɗin ba ya dawowa. In kuma ba a ɗauke ka bana ba, ka shiga jami'a, ka ɗauki lissafi da kimiyya da Turanci, ka shiga ROTC, ka sake nema baɗi. Sashen ROTC ɗin ma yana iya tsayar da kai, sai dai in an ɗauke ka daga aji ɗaya za ka fara, ka yi shekara 4 cif.