Me ya sa rokata ta takarda take alkafura a iska?

Tambaya: Malam, na haɗa samfurin Saturn V da takarda, rokar da ta kai 'yan sama jannati duniyar wata a 1969. Ina harba ta da bututun PVC da gorar roba, amma da ta tashi sai ta yi ta alkafura. Ina matsalar take? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, nauyin ne ya koma baya. Injinan rokar gaskiya suna karkata su daidaita tafiyarta, shi ya sa fukafukanta huɗu ƙanana ne. Taka ba ta da wannan gata. Ka ninka girman fukafukan, ka yanke su daga kwali mai kauri, ka manna su miƙe sak, don karkataccen fiffike ɗaya ya isa ya ɓata tafiya. Sannan ka cusa ɗan curin yumɓu kamar ƙwayar gyaɗa cikin hancin, ka toshe shi da salatif kada iska ta kuɓuce.

Kafin harbi, ɗora rokar kan yatsa ka gano inda ta daidaita, ka ɗaura zare mai tsawon mita 1 a wurin, ka wulwula ta sama da kanka. In hanci ne ke gaba, ta yi. In tana juyawa, ƙara yumɓu kaɗan-kaɗan.