Fita da yara gandun shaƙatawa kyauta: karatu ne ko ɓata lokaci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Bronx, birnin New York, da yara biyu, ɗan shekara 3 da 'yar shekara 5. Na ga sanarwa cewa ma'aikatan gandun shaƙatawa suna zagayawa da yara kyauta don kallon tsuntsaye da ƙwari. Maigidana ya ce wasa ne kawai, gara su zauna su koyi haruffa. Akwai amfani a ciki? Kuma da gaske kyauta ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kyauta ne. Waɗannan ma'aikata masu kaki da faffaɗar hula su ne Urban Park Rangers, na hukumar gandayen birnin, kuma tun 1979 suke wannan aiki. Yawanci zuwa kawai za ki yi. Kaɗan, irin su kwanan tanti, sai an yi rajista an jefa ƙuri'a. Dole babba ya raka yaro.

Maigida bai yi kuskure ba da ya ce wasa ne. Sai dai yaro ɗan ƙasa da shekara 6, wasa shi ne makarantarsa, da hannu da ido yake ɗaukar karatu. Na sha gani a aikina na koyar da ƙananan yara: ka ɗaga wani ruɓaɓɓen icce, tana biyu su bayyana suna murɗe-murɗe, sai yaron da ba ya iya zaman minti 2 a aji ya tsuguna shiru minti 10. Can sai ya ɗago kai ya ce, “Ina idonta?” Wanda ya iya tsayawa ya lura, ya bambance ganyen nan da wancan, wannan lurar za ta iya taimaka masa gobe wajen bambance “b” da “d”.

Akwai kuma lafiyar ido, wadda iyaye ba su cika sani ba. Hasken rana na waje yana rage haɗarin matsalar rashin ganin nesa ga yara. Shi ya sa ƙasar Taiwan tun 2010 ta sa makarantun firamare su riƙa fitar da yara waje awa 2 kullum. Zaman ɗaki a bene na tsawon hunturu, da waya a hannu, akasin haka yake yi.

Kin yi sa'ar unguwa. Pelham Bay, gandu mafi girma a birnin, a Bronx yake, ya ninka Central Park, sanannen gandun birnin, sau 3. Ga Van Cortlandt, ga Crotona mai ɗan tafki da agwagi da kififiya. Ki fara da mafi kusa, domin wanda za ki iya komawa kowane mako ya fi wanda za a je sau ɗaya a shekara.

Abin da na fi roƙonki shi ne ki rage “kar ka taɓa, ƙazanta ne”. Ki sa musu kayan da ba ki jin ɓacinsu, ki bar su su taɓa ƙasa. Idan ma'aikacin ya faɗi suna da Turanci, ke ki raɗa musu na Hausa: kurege, shaho, kwaɗo, malam-buɗe-littafi. Yaron da aka haifa a Amurka, wanda yake jin Gizo da Ƙoƙi a tatsuniya, ranar da ya ga gizo-gizo yana saƙa zai haɗa biyun da kansa.

Abu biyu ne kawai za ki kiyaye. Na farko kaska, wadda a yankin nan wasunta ke ɗauke da wata cuta da ake kira Lyme, kuma ƙaramarta ba ta kai ƙwayar riɗi ba. A sa dogon wando, a cusa ƙafarsa cikin safa. Da an dawo a yi wanka, ki duba bayan kunne, hammata, bayan gwiwa da cikin gashi. In kin gan ta, ki kama ta da hantsaki daf da fata ki ja a miƙe, sannan ki sanar da likitan yara. Na biyu wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Ki ce wa ma'aikacin ya nuna muku shi tun ranar farko.

Ɗan shekara 3 zai iya gajiya kafin a gama, ba laifi ku janye. Ki riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa. In da hali, fitar farko ku tafi tare da maigida.