Ina zuwa sujada, amma bangaskiyata ba ta girma

'Yar'uwa, kin ce kowace Lahadi kina sujada, ba kya fashin zumuntar mata, amma bangaskiyarki ta tsaya cik. Ni ma na taɓa zama haka. Ayar Yakubu 1:22 a Littafi Mai Tsarki ce ta farkar da ni: mu zama masu aikata maganar Allah, ba masu ji kawai ba. Tumatir nake sayarwa a kasuwar Farin Gada, kuma na saba jera manya a saman kwando, lalatattu a ƙasa. Da na daina, ribata ta ɗan ragu, ba zan ɓoye miki ba, amma addu'ar asuba ta daina yi mini nauyi. Ki duba abin da Ubangiji ya daɗe yana nuna miki, bashi ne ko gaba da maƙwabciya, ki fara da shi gobe.