Abin da Muke Tambayar Ɗan Takara a Hull, da Inda Muka Samo Ɗabi'ar

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da dukkan mutanen gida, saƙonka ya iso, kuma na ga tambayoyin da ka yi a kan hotuna biyun da na aiko. A na farko ka ga ɗan takarar majalisa zaune a ɗakin taron da muke haya a nan Hull, wani gari a Ingila, mu kuma mun kewaye shi, sai ka tambaya me ya kawo mana, tunda ba ka hangi buhu ko turmin atamfa ba. A na biyu ka ga wasu dattawanmu da jan fure na takarda a ƙirjin riga, ka ce ko wani biki ne na Turawa muka shiga. Tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya ne, shi ya sa na ga ya fi kyau in zauna in rubuto maka a tsanake, maimakon in amsa a waya cikin gaggawa.

Mutumin bai kawo mana komai ba, kuma da ya kawo da ya jefa kansa cikin laifi, domin dokar zaɓe ta Birtaniya ta haramta wa ɗan takara ya ciyar da mai jefa ƙuri'a ko ya yi masa kyauta da nufin juya ra'ayinsa. Mu ne muka ba shi shayi a matsayinsa na baƙo, abin da muka karɓa daga hannunsa kuwa shi ne takardar manufofin jam'iyyarsa, wadda muke ajiyewa har zaɓe mai zuwa. Duk wanda ke riƙe da fasfo na Najeriya ko Gana ko Kamaru, in dai yana da izinin zama, yana da ikon jefa ƙuri'a a nan saboda ƙasashen suna cikin ƙungiyar renon Ingila. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba su da wannan dama sai sun zama 'yan ƙasa, amma ba su fashin taron, kuma sau da yawa tambayarsu ce take fi zafi. Abin da muke tambaya bai wuce aikin yi, da kuɗin haya, da layin asibiti, da halin da yaranmu biyu ko uku da suka shiga soja za su samu kansu ranar da suka tuɓe kaki ba.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, tarar da ita muka yi a wurin mutanen garin. Wanda ya fara buɗe mini ido shi ne wani dattijo maƙwabcina, tsohon masunci daga unguwar Hessle Road, wanda wata rana ya ɗauko gwangwanin biskit daga saman kabad ya nuna mini ɗan littafin sallamar mahaifinsa daga rundunar ruwa, gefensa duk ya sha hannu, da hoton mahaifin sanye da kwat ɗin da gwamnati ta ba kowane soja ranar sallama, hannun rigar ya yi masa tsawo. Ya ce mahaifinsa yana cikin jirgi ya jefa ƙuri'arsa a 1945, kuma har ya mutu yana cewa wannan ce ƙuri'ar da ya fi sanin dalilinta. Daga ranar na shiga neman labarin zaɓen.

Ba za ka gane 1945 ba sai ka koma 1918. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare, Firayim Minista Lloyd George ya nemi ƙuri'a da alkawarin mayar da ƙasar wurin da ya dace da zaman jarumai, aka zaɓe shi a watan Disamba na shekarar. Zuwa 1921 marasa aiki sun kai miliyan biyu, a farkon shekarun 1930 sun doshi miliyan uku, kuma an ga mutanen da suka tsira daga ramukan yaƙi a Faransa suna tallar ashana a bakin titi da lambobin yabo a ƙirji. Manoma ma an yi musu haka, domin tabbacin farashin hatsi da aka ba su lokacin yaƙi an soke shi a 1921, farashi ya faɗi, gonaki suka koma makiyaya. 'Ya'yan waɗannan mutane su ne sojojin yaƙin Hitila, kuma sun taso suna jin labarin a gidajensu.

Jamus ta miƙa wuya a ranar 8 ga Mayu 1945, amma ana nan ana gwabzawa da Japan, kuma rabon ƙasar da babban zaɓe tun 1935. Gwamnatin haɗin gwiwa da Winston Churchill ya jagoranta tun 1940 ta watse, aka sa ranar Alhamis 5 ga Yuli don jefa ƙuri'a, sannan aka rufe akwatuna har mako uku domin a tattaro ƙuri'un sojojin da ke warwatse daga Turai zuwa ƙasar Boma (Myanmar a yau). Mutum kusan miliyan biyar ne ke cikin kaki a lokacin, kowannensu da uwa ko mata da ke jira, saboda haka babu ɗan takarar da zai hau mumbari ya sauka bai faɗi ranar dawowar soja da abin da zai tarar ba.

Dole in yi adalci a nan: ba jam'iyyar Leba, ta ma'aikata, wadda ta kara da Churchill a zaɓen, kaɗai ta yi alkawari ba. Tun ana tsakiyar yaƙi gwamnatin haɗin gwiwa ta shimfiɗa abubuwa da dama. Rahoton masanin tattalin arziki William Beveridge na Disamba 1942 ya zayyana fatara, da cuta, da jahilci, da ƙazantar muhalli, da zaman kashe wando a matsayin abokan gaba biyar da za a yaƙa bayan an gama da Jamus, kuma mutane sun yi layi suna sayensa. A 1944 an yi dokar da ta tilasta wa mai kamfani ya mayar da ma'aikacinsa da aka ɗauka soja kan aikinsa, aka yi wata da ta ɗora wa duk mai ma'aikata 20 ko fiye nauyin ɗaukar naƙasassu, wanda daga baya aka tsayar a kan kashi 3 cikin 100. Tsarin sallama da Ernest Bevin ya shirya yana minista mai kula da ƙwadago ya fara aiki ranar 18 ga Yuni, kafin zaɓen, kuma ya ginu ne a kan shekarun mutum da tsawon aikinsa, wata biyu na soja a bakin shekara ɗaya ta haihuwa, domin kada mai uwa a gindin murhu ya riga wanda ya daɗe a daji komawa gida. Abin da ya raba jam'iyyun shi ne wanda mutane suka yarda zai cika. Churchill ya dogara da kwarjininsa, har a jawabinsa na rediyo ranar 4 ga Yuni ya ce gwamnatin gurguzu ba za ta iya mulki ba sai ta kafa wani abu mai kama da 'yan sandan sirri na Hitila, maganar da ta baƙanta wa mutane da yawa rai, ganin cewa shugaban Leba Clement Attlee da yake nufi shi ne mataimakinsa a gwamnatin yaƙi. Leba kuwa ta tsaya a kan gida, da aiki ga kowa, da magani kyauta. Da aka buɗe akwatuna ranar 26 ga Yuli, Leba ta samu kujeru 393 daga cikin 640, kuma Churchill da ya baro taron shugabannin ƙasashen ƙawance a Potsdam ta Jamus don jin sakamako bai koma ba, Attlee ne ya ƙarasa zaman. A nan Hull, wadda bama-baman Jamus suka taɓa mafi yawan gidajenta, Leba ta lashe dukkan kujerun garin, ɗaya daga cikinsu ta hannun Harry Pursey, hafsan ruwa da ya taso daga ƙaramin matuƙi.

Maganar noma ita ce na san za ta fi jan hankalinka. Kafin yaƙin, kusan kashi biyu cikin uku na abincin ƙasar daga waje ake kawo shi, da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka fara nutsar da jiragen kaya sai aka kafa kwamiti a kowace gunduma mai ikon gaya wa manomi abin da zai shuka, aka farfashe miliyoyin eka na makiyaya aka mayar da su gonaki, mata wajen 80,000 suka shiga rundunar aikin gona. Manomi ya yi abin da aka ce, amma bai manta 1921 ba, tambayarsa ga ɗan takara ita ce ko farashin zai ɗore bayan an ajiye bindiga. Leba, wadda ake ɗauka jam'iyyar birni ce, ta ci kujerun karkara a wurare irin su Norfolk, kuma a 1947 ministan gona Tom Williams ya kawo dokar da ta ba da tabbacin farashi da kasuwa ga alkama, da sha'ir, da dankalin Turawa, da madara, da ƙwai, da dabbobin yanka, tare da zama kowace shekara tsakanin gwamnati da ƙungiyar manoma don duba farashin. A ganina wannan na cikin alkawuran da aka fi cikawa, tare da tsarin kiwon lafiya na ƙasa da ya fara aiki ranar 5 ga Yuli 1948.

Masunta ba su yi irin wannan sa'a ba. Rundunar ruwa ta karɓe mafi yawan manyan jiragen su na Hull da Grimsby da Fleetwood, sau da yawa har da mutanen cikinsu, ta sa su aikin share nakiyoyin ruwa ƙarƙashin wani sashe mai hedikwata a Lowestoft, aikin da ya ci rayuka masu yawa. Maƙwabcina ya ce tambayar unguwarsu a 1945 ita ce yaushe za a dawo da jiragen. An dawo da waɗanda suka tsira, kifi kuma ya yi yawa a teku saboda hutun da ya samu, amma masunci ya ci gaba da zama ɗan ƙwadagon da ake ɗauka tafiya bayan tafiya, mako uku a tekun ƙanƙara, kwana uku a gida. Da rikicin kamun kifi da ƙasar Aislan ya ƙare a 1976 aka rufe musu ruwan da suka saba, dubbai suka rasa sana'a, kuma sai a shekarar 2000 gwamnati ta fito da tsarin diyya na sosai, bayan da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa in ɗan takara ya ƙwanƙwasa ƙofar dattijon nan, ba ya barinsa ya tafi sai ya faɗi sashen takarda da alkawarin yake.

Yanzu ga inda labarin ya shafe mu kai tsaye, Yaya. A daidai makonnin da ake yawo da akwatin zaɓe ana neman sojan Ingila a sansanoninsa na gabas, iyayenmu da kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suna can, bayan sun ratsa kwarin Kaladan da dazukan Arakan na ƙasar Boma, da yawansu Hausawa ne ko masu jin Hausa, domin ita ce harshen bariki tun daga Kaduna har Kumasi. Ba a kai musu takardar ƙuri'a ba, domin ba su cikin masu zaɓen majalisar da ta aike su yaƙin, saboda haka babu ɗan takarar da ya ji tsoron fushinsu. Wasu sai a 1946 suka samu jirgin komawa, kuɗin sallamarsu bai kai na Turawa ba, kuma ayyukan da suka sa rai ba su samu ba. A ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji a Akra suka nufi fadar gwamna ta Christiansborg da takardar koke, 'yan sanda suka buɗe wuta suka kashe uku daga cikinsu, Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Odartey Lamptey. Wannan ya faru ne a zamanin gwamnatin Leba ɗin nan da na yaba wa a sama, kuma ba na ɓoye shi a gaban kowa. Ka tuna tsohon nan ɗan mazan jiya da ke gadin kanti a bakin kasuwarmu muna yara, wanda ke sara wa kowace motar soja da ta wuce. Sai da na zo ƙasar nan na gane cewa shi da mahaifin maƙwabcina yaƙi ɗaya suka yi, ɗaya yana da ƙuri'a ɗaya ba shi da ita.

Jan furen da ka gani kuwa ƙungiyar tsofaffin sojojin Birtaniya, wadda aka kafa a 1921, ita ke sayar da shi gabanin 11 ga Nuwamba, kuɗin kuma ya tafi wajen kula da mazan jiya da iyalansu, kamar yadda kuke yin taku ranar tunawa a 15 ga Janairu. A cikinmu akwai waɗanda ba sa sa shi saboda yaƙe-yaƙen baya-bayan nan a ƙasashen Musulmi, kuma ba ma tilasta wa kowa, ba ma kuma zargin kowa. Dattawan da ka gani suna sa shi ne don iyayensu na Boma, kuma bayan shirun minti biyu da garin ke yi da ƙarfe 11 na safe, mukan koma ɗakinmu mu yi musu addu'a.

A bana mun yanke shawarar mu riƙa ambaton sunayensu ɗaya bayan ɗaya kafin addu'ar, kowane gida ya kawo nasa. Don haka ina roƙonka ka tambayi Gwaggo ko takardar sallamar kakanmu tana nan cikin akwatin ƙarfen da ke ɗakinta, in tana nan ka ɗauki hotonta gaba da baya ka aiko mini, musamman inda lambar sojarsa da bataliyarsa suke. Ka gaishe ta ƙwarai, ka gaida yara.