Me ke kashe 'ya'yan kifin betta a makon farko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon kifin betta, ɗan ƙaramin kifin ado, a gida. Namijin ya yi sheƙar kumfa, macen ta zuba ƙwai, har sun ƙyanƙyashe, amma kafin mako ya zagayo 'ya'yan duk sun mutu. Abincin manyan nake niƙa musu. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, yunwa ce ta kashe su, ruwan da garin abincin ya ɓata kuma ya ƙarasa sauran. Tunda har ka kai ga ƙyanƙyasa, ka iya haɗa iyaye. Inda aikin ya tsaya shi ne ciyarwa.

Ƙwan betta yana ƙyanƙyashewa cikin awa 24 zuwa 48 idan ɗumin ruwa ya kai digiri 26 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. Za ka ga 'ya'yan suna reto a ƙarƙashin kumfa, wutsiya a ƙasa, duk wanda ya faɗo uban ya cafe shi da baki ya mayar. A kwana biyu zuwa uku na farko ba sa cin komai, ragowar gwaiduwar da ke cikinsu ce ke riƙe da su. Ranar da suka fara iyo a kwance, ranar za ka cire uban, kuma ranar gwaiduwar ta ƙare. Ita uwar tun bayan zuba ƙwai ya kamata a ce an fitar da ita.

Bakinsu bai kai ya haɗiye gari ba, kuma abin da ke motsi kaɗai suke bi. Don haka abincin farko shi ne infusoriya, wasu ƙananan halittun ruwa da ido bai cika gani ba. Samar da su ba wuya: ɗebi ruwan tsohon tanki a kwalba, jefa ganyen latas, ka ajiye inda haske yake. Ruwan zai yi duhu-duhu, bayan 'yan kwanaki ya fara washewa. To, sun nuna ke nan. Ka lura da lissafin: sai ka ɗora wannan kwalbar tun kafin ka haɗa namiji da mace, domin ba a fara haƙa rijiya ranar da ƙishirwa ta kama. Bayan sun yi kwana uku ko huɗu suna cin infusoriya sai ka koma ga sabuwar ƙyanƙyasar artemiya, wata 'yar mitsitsiyar jatan lande, wadda ƙwanta ke fashewa a ruwan gishiri cikin kamar kwana ɗaya. Haska tocila ka duba: wanda ya ci za ka ga ɗan cikinsa ya taso, ya yi ruwan lemu. Kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku a rana.

Wasu na ba da dafaffiyar gwaiduwar ƙwai. Ni ba na ba mai koyo wannan shawarar, saboda saurin ruɓar da ruwa.

Zurfin ruwa kada ya wuce santimita 10 zuwa 15 da fari, ƙasan tankin kuma babu tsakuwa, don ka riƙa ganin datti kana zuƙe shi da siririn tiyo. Ruwan da za ka mayar ya zama marar kulorin, ɗuminsa daidai da na ciki, a zuba a hankali. Matatar ruwa ta soso kawai, ita ma a rage mata ƙarfi.

Akwai wani lokacin da ake yawan asara. Betta, wanda asalinsa fadamu da gonakin shinkafar Tailan ne, yana da wata gaɓa a cikin kansa da yake shaƙar iska da ita kai tsaye. Tana haɗuwa ne tsakanin mako na 3 zuwa na 6. Ka rufe tankin a lokacin, don iskar da ke saman ruwa ta kasance da ɗumi da laima.

Wajen wata biyu zuwa uku mazan za su fara buɗe wa juna fiffike suna cizo. Kowane namiji sai da mazubinsa, kuma zubi ɗaya kan ba da ɗaruruwan ƙwai. Ka tanadi wurin ajiye su, da waɗanda za su karɓa, kafin ka sake haɗa iyayen.