Amsoshin tambayoyinku: wace safar hannu ce ke tare kaifi ba tare da ta takura wa mai aiki ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon haɗa ƙofofi da tagogi a Panteka, yara shida ne ke aiki a ƙarƙashina. Bakin kwano da alminiyam na yawan tsaga musu yatsu. Na sayo musu safar fata irin ta masu walda, amma kafin azahar kowa ya tuɓe ya cusa a aljihu, wai zafi, kuma ba sa iya tsintar ƙusa da ita. Wace iri zan saya? *Daga wani mai shago, Panteka.*

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka ga laifin yaran. Safar walda don tartsatsi da zafin ƙarfe aka yi ta, kuma fata, duk kaurinta, ba ta tare kaifi yadda ake zato. Abin da ya dace da shagonka shi ne safar da aka saƙa da zare mai jure yanka, aka shafe tafin da roba, aka bar bayan hannun a buɗe don iska ta shiga. A zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu, wannan buɗaɗɗen bayan ne zai sa yaro ya haƙura ya bar ta a hannu har la'asar.

In ka ɗauki safar, juya bayanta. Za ka ga tambarin garkuwa da guduma a ciki, da rubutun EN 388, wato ma'aunin Turai na ƙarfin safa, sai wasu lambobi a ƙasa, misali 4X43C. Ta farko juriyar gogayya ce, daga 1 zuwa 4. Ta biyu tsohon gwajin yanka ne, daga 1 zuwa 5, in ka ga X ba a yi shi ba ke nan. Ta uku yagewa, ta huɗu hudawa. Harafin ƙarshe shi ne naka. Tun 2016 aka shigo da shi, yana tafiya daga A zuwa F, kuma yana nuna ƙarfin da sai an danna wuƙa da shi kafin ta ratsa: A niyuton 2 (niyuton ma'aunin ƙarfin dannawa ne), B 5, C 10, D 15, E 22, F 30. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka kuma nasu ma'aunin daban ne, A1 zuwa A9, da giram suke lissafi. A3 giram 1,000 ne, wato kusan C. A4 giram 1,500, kusan D. Kada a ruɗe ka, A4 ta Amurka ba ita ce A ta Turai ba.

Mai yanka sandunan alminiyam yana ɗaura sukurori, C ta ishe shi. Mai ɗaukar fallen kwano da aka yanka da almakashi, bakinsa na nan da ƙaya-ƙaya, ko mai saka gilashi a taga, a ba shi D. E da F na masu ɗaga manyan faifan gilashi ne da masu tsince a tarin ƙarafa. Ba mu ba ka shawarar ka saya wa kowa F don ita ce ƙololuwa. Galibi ta fi tauri, ta fi tsada, kuma ƙarshenta aljihu, kamar ta fatar.

Sai laushin saƙa. A jikin leda ko kwali za ka ga an rubuta geji 10, 13, 15 ko 18. Lambar na hawa, zaren na ƙara siranta, yatsa na ƙara jin abin da ya taɓa. Geji 13 ko 15 ne daidai aikinku. Na 18 yana da daɗi a hannu ƙwarai, sai dai bakin kwano kan cinye shi da wuri.

Kada kuma ka sayo dozin guda duk girma ɗaya. Ari tef ɗin tela, ka zagaya tafin kowane yaro ta kan gaɓoɓin yatsu, ban da babban yatsa. Wajen santimita 20 lamba 8 ce, 23 lamba 9, 25 lamba 10. Wadda ta yi yawa takan bar kan yatsu yana reto, mai aiki ya riƙa damƙe kaya da ƙarfi, hannu ya gaji, kwano ya suɓuce. Wadda ta matse kuma takan sa yatsu su yi sanyi, ɗinkin tsakanin babban yatsa da manuniya ya ɓalle. Gwajin da muke so mai sauƙi ne: yaro ya sa, ya tsinci ƙaramin sukuro daga kan benci, ya ɗaura shi zagaye uku. In sai ya tuɓe kafin ya iya, a canja masa.

Tambaya: Ni ce ke sayen kayan kariya a wata masana'anta a Kakuri. An kawo mini samfur mai araha an buga masa "mataki na 5". Ta yaya zan gane na gaskiya ne? Kuma kayanmu duk mai ne a jikinsu. *Daga wata jami'ar saye.*

Amsa: Hajiya, wannan 5 ɗin na tsohon gwaji ne, wanda ake murza wuƙa mai kewaye a kan ƙyallen. Matsalarsa ita ce zaren da aka cuɗa da gilashi ko ƙarfe yana dakusar da wuƙar tun ana cikin gwajin, sai sakamako ya fito ya fi gaskiya kyau. Shi ya sa aka ƙaro harafin. Ki ce wa mai kawo kayan ya nuna miki harafi, da sunan kamfanin da ya ƙera, da takardar bayani da ke zuwa tare da kayan. Tambari kowa na iya bugawa. Safar da ba sunan maƙeri, ba lambar samfur, mu dai ba za mu sa hannun ma'aikaci a cikinta ba. Ki karɓi guda ɗaya, ki shimfiɗa ta a kan katako kusa da safar auduga, ki ja sabuwar reza a kan kowace da nauyin hannu iri ɗaya. Wannan ba zai gaya miki C ce ko D ba, amma jabu tsantsa nan take yake tona kansa. Kada a yi gwajin da hannu a ciki.

Maganar mai kuma, robar tafin ce ke yanke hukunci. Wadda aka rubuta PU siririya ce, ta busasshen aiki. Lateks na kama gilashi da jiƙaƙƙen abu sosai, amma mai da giris na lalata shi, wasu kuma fatarsu ba ta shiri da shi. Ku naitiril ne naku, mai soso-soso ko mai yashi-yashi a tafi. Mai santsi sumul yana hana mai shiga, sai dai kaya na zamewa a kansa, kuma yanka kan faru lokacin zamewar nan.

Ana wanke su da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu, a shanya a inuwa. In zaren Kevlar ne, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, kada bilic ya taɓa shi, kuma rana na rage masa ƙarfi. Da zarar robar ta ƙoƙe zare ya bayyana, ko rami ya fito a kan yatsa, a jefar.

Tambaya: Sabuwar safata tana sa ni ƙaiƙayi in na yi gumi. Me ya jawo? *Daga mai saka gilashi, Tudun Wada.*

Amsa: Malam, mafi yawa zaren gilashin da ke cikin saƙar ne ya kakkarye yake sokar fata. Nemi wadda aka rubuta ba gilashi a cikinta, ko ka sa siririyar safar auduga daga ciki. In ƙuraje ne suka feso daidai inda robar take, bar lateks ka koma naitiril. Ka riƙe biyu kana musanyawa, ɗaya na shan iska.

Tambaya: Tunda tana hana yanka, zan iya sa ta in yi aiki da injin huda ƙarfe da giranda? *Daga wani ɗan koyo, Kawo.*

Amsa: Ƙanena, a nan ka tsaya. A kan injin huda na tsaye, da injin sassaƙa ƙarfe, da dutsen wasa wuƙa na benci, ba a sa safa ko wace iri ce. Abu mai juyawa in ya kama zare ɗaya sai ya ja hannun gaba ɗaya, kuma ƙarfin zaren nan shi ne masifar, don ba zai tsinke ya sake ka ba. Giranda ta hannu ana sa mata safa wadda ta zauna cif saboda tartsatsi, da murfin faifan a ɗaure, hannu biyu a kan mariƙi. Amma ko F ba ta tare faifai mai gudu. Zaren HPPE, wani zaren roba mai jure yanka, fari ko toka-toka, wanda ya fi sanyi a hannu, yana narkewa kafin zafi ya kai digiri 150, don haka ba na walda ba ne. Mai zaren ƙarfe a ciki kuma kada ta kusanci wayar da ke da wuta.

Tambaya: Mu mahauta fa? *Daga wani mai fawa.*

Amsa: Ranka ya daɗe, saƙaƙƙiyar safa na rage yankan da wuƙa ta shafa a kwance, amma tsinin wuƙar fiɗa na iya bi ta tsakanin zare. Hannun da ke riƙe naman, a sa masa safar sarƙar ƙarfe mara tsatsa, wadda ake ɗaurewa a wuyan hannu. Ɗaya ake saya, ba biyu ba, kuma a wanke ta da buroshi da ruwan zafi kullum bayan an tashi, don kitse na maƙalewa a cikin zobban.